Kalman Ya Koma Yaren Uwarsa

Litinin, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Hannun da sauƙi yau. Na iya ɗaga tukunya. Na sa rigar nan mai ruwan toka, mai dogon hannu, duk da murhu na ci kuma ɗakin da ɗumi.

Mijina Kalman ya tashi lafiya. Ya ture burodi, sai da na jiƙa masa shi a madara sannan ya ci. Ya yi ta magana yana kallon taga, ni kuma ina ta gyaɗa kai kamar ina bin zancen. Ban gane ko kalma ɗaya ba.

Tun ƙarshen bazara Sabiyanci, yarena na ƙasarmu Sabiya, ya fara zube masa. Da farko sunayen abubuwa ne, cokali, takalmi, sai ya faɗe su da yaren Hungary, yaren uwarsa, ya yi dariya ya gyara. Daga baya ya daina gyarawa. Likita ya ce haka ciwon mantuwa yake yi wa wasu, yaren da mutum ya koya daga baya shi ke fara tafiya. Shekara arba'in da 'yan kai muna tare. Da yarena ya neme ni, da shi muka yi faɗa, da shi muka raini 'yarmu Dunja. Ni daga kudu na zo aiki a masana'antar sukari, kuma a garin nan, duk da mutanensa yaren Hungary suke yi, kowa na jin Sabiyanci, don haka koyon nasu bai taɓa zame mini dole ba. Na iya gaisuwa, na iya godiya, sai wani zagi da ya koya mini don ya riƙa yi mini dariya.

Ba zan rubuta zancen Asabar ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, da yamma

Dunja ta kira daga birnin Novi Sad.

"Mama, ya jikin Baba?"

"Lafiya lau, yana cin abinci."

"Ke fa?"

"Ni me zai same ni?"

Ta sake kawo zancen gidan tsofaffin nan da ke kusa da wurin aikinta. Wai gado zai samu a ƙarshen wata. "Ki zo ki gani da idonki kawai, ban ce ki sa hannu a komai ba." Na ce kabejina na jirana, ban gama sa shi a gishiri ba. Ta ce, "Kullum kabeji."

A can tsohon da ba ya son wanka kawai za su gani. Ba za su san babu keken da ke garin nan wanda bai bi ta hannunsa ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da azahar

Wata nas ta zo, sunanta Jasna, daga cibiyar da aka buɗe a bayan asibiti don masu irin ciwon Kalman da iyalansu. Likitan da ya ɗaure mini hannu ne ya turo ta. Ban ce ya turo kowa ba.

Ta sha kofi, ta yaba labulena, sannan ta ce, "Inna Vida, me ya sami hannun?"

"Faɗuwa na yi."

"A ina?"

"A bayi."

Ta ce to. Ba ta sake tambaya ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi fiye da tambayar. Ta gwada yi wa Kalman magana, ya zuba mata yarensu mai tsawo yana buga tebur da yatsa. Ita ma ba ta ji, daga gabas aka kawo ta bara.

Ta ce suna da motar ɗaukar mutane da safe ta maido su da yamma. Suna taron iyalai duk Alhamis. Suna kuma da masu aikin sa kai da ke zuwa gida, kuma ɗaya daga cikinsu na jin yaren. Na tambaye ta wace ce. Ta ce Piroska.

Piroska ta gidan waya. Wadda ta shekara tana karanta bayan katin kowa kafin ta miƙa masa. Na ce zan yi tunani.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da yamma

Ban je taron ba. Ba ni da abin da zan faɗa wa baƙi.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar

Piroska ta zo ba tare da na gama tunanin ba. Jan baki har haƙora, turare ya riga ta shigowa.

"Vida, kin tsufa."

"Ke ma ba a bar ki a baya ba."

"Ni na yi fenti, ke kin bar bango haka nan. Ina maigidan?"

Ta ja kujera ta zauna gabansa ta kira shi da wani suna na yara da ban taɓa ji ba. Ashe layi ɗaya suka taso, a bayan tashar jirgi. Kalman ya ɗago kai kamar an buɗe masa taga. Ya fara magana, ya kama hannun rigarta, yana ta maimaita wata gajeriyar kalma. Na san sautin kalmar. Makonni ke nan yana faɗa mini ita, da safe, da rana, a bakin abinci. Na ɗauka sunan wani ne.

Piroska ta daina murmushi. Ta ce ya buɗe baki, ta leƙa, ta juyo.

"Haƙori ne. Cewa yake yi yana ciwo. Dasashin ya kumbura har ya yi ruwa."

"Wane gefe?"

"Hagu, ta ƙasa."

Nan na riƙe ranar Asabar, da nake masa aski. Na riƙe da ƙarfi don kada ya motsa in yanke shi.

Na shiga kicin na buɗe famfo, na tsaya har ruwan ya cika kwanon ya fara zuba. Piroska ba ta biyo ni ba. Da za ta tafi ta ce daga bakin ƙofa, "Nawa mijin wata biyu ya yi da ƙusa a takalmi kafin in gane. Kuma ni yarenmu ɗaya."

Ban san mijinta da wannan ciwon ya rasu ba. An ce mana zuciya ce.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da safe

Ya sake faɗin kalmar. Na ce masa na ji. Da yarena na faɗa, amma na taɓa nawa kuncin, sai ya tsaya yana kallona.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da azahar

An cire haƙorin. Jasna ce ta samo mana likitan da ya saba da irinsu, ya bar shi ya zagaya ɗakin ya tattaɓa kayan aiki kafin ya zauna. Piroska na gefe tana gaya masa duk abin da za a yi. Da aka zo allura sai ya miƙa hannu yana laluben na wani. Na matso. Nata ya kama.

Na ce a raina ba komai. Na riƙe masa hularsa.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da yamma

Ya ci nama yau. Ya ci dankali, ya suɗe farantin da burodi, ya yi barcin rana har da minshari.

Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma Piroska ta zo suka zauna a falo suna ta ƙyaƙyata dariya, dariyar nan tasa da ke ƙarewa da tari, wadda rabona da ita tun kafin bikin Ista. Ni ina kicin ina yanka kabeji kamar shi ya yi mini laifi.

Ta leƙo. "Wuƙar nan da ni take ko da kabejin?"

"Me yake ce miki?"

"Labarin ranar da ya faɗa rami da keken limamin coci. Sau uku ke nan yau." Ta ɗauki wata wuƙar ta tsaya kusa da ni. "Ki kwantar da hankalinki, 'yar kudu. Da shi nake so da na ɗauke shi tun yana da gashi."

Na yi dariya ban shirya ba. Daga nan ta fara koya mini yarensu. Ta ɗaga gishiri ta faɗi sunansa, ta ce in maimaita. Ruwa. Zafi. Sanyi. Zauna. Ina ke ciwo? Na maimaita, ta toshe kunne.

"Bakinki kamar mai tauna tsakuwa. Sake."

Na sake. Muka cika ganga ɗaya.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je taron.

Ɗaki ne da a da ɗakin karatu ne na yara, har yanzu akwai zanen agwagi a bango. An kai Kalman ɗakin da ke kusa, wurin sauran, mu kuma muka zauna a da'ira da kofi mai sanyi. Wani dattijo, Milutin, ya ce matarsa ta sa takalmansa a tanda ta kunna. Aka yi dariya, shi ma ya yi, sannan ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Wata mata ta ce uwarta ta cije ta a kafaɗa ranar Lahadi. Haka ta faɗe shi, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Ba wanda ya buɗe baki don mamaki. Wata ta tambaye ta ko wanka take yi mata a lokacin, ta ce eh, aka shiga ba ta shawarar ta ɗumama bayin tukuna.

Da aka zo kaina na ce sunana Vida, mijina ya manta yarena. Iyakar abin da na ce ke nan.

Da na je ɗaukarsa na tarar da shi a durƙushe gaban keken guragu na wata tsohuwa, yana juya tayar a hankali, kunnensa a kusa da ita. Tsohuwar na zaune a kujera tana jira da haƙuri kamar mai layi a shago.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da safe

Na ce masa "zauna" da yarensu. Ya zauna.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da yamma

Dunja ta zo ba sanarwa. Ina kwaɓa fulawa, na naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ban ji tsayuwar motarta ba.

Wurin da na bugu ya koma ruwan ɗorawa da kore yanzu. Ya fi muni a ido fiye da lokacin da yake ciwo.

Ta tsaya da jakarta a kafaɗa. "Mama, mene ne wannan?"

"Faɗuwa na yi."

"Faɗuwa ba ta barin shatin yatsu."

Na ci gaba da kwaɓi. Ta ce, "Shi ne?"

"Haƙori ne. An cire."

"Ba haƙori na tambaye ki ba."

Na ce mata ubanta bai taɓa ɗaga mini hannu ba tun da aka ɗaura mana aure, kuma ta sani. Ta ce ta sani, shi ya sa take tsoro, don wannan ba shi ba ne. Na ce shi ne mana, wa kike so ya zama? Ta ce idan wata rana kaina ne ya bugu da bahon wanka fa, wa zai kira ta, shi?

Kalman ya fito jin hayaniya. Ya kalle ta, ya sunkuyar da kai cikin ladabi irin na gaida baƙuwa, ya yi mata magana da yarensu. Ita ma ba ta ji, ba mu yi mata yaren a gida ba. Ta ce, "Baba, ni ce." Ya sake sunkuyar da kai.

Ta fita ta zauna a mota. Na hango ta ta taga, goshinta a kan sitiyari. Na gasa burodin. Da ta dawo ta ci, ta ce mutanen gidan tsofaffin suna son amsa kafin Juma'a mai zuwa ta sama.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da rana

Ba mu yi magana sosai ba. Ta wanke mini tagogi duka, har na ɗakin ajiya.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da azahar

Dunja ta ɗauki hutu muka je wurin Jasna tare, a ɗakin taron nan. Na tafi da shirin a goya mini baya.

Jasna ta ce, "Inna Vida, ba zan yi miki ƙarya ba. Haƙori ya warke, ciwon bai warke ba. Ranar gidan tsofaffi na iya zuwa." Ta juya wurin Dunja. "Amma ba dole ba ne ta zama wannan watan."

Ta ce a gwada. Motarsu ta ɗauke shi Litinin, Laraba da Juma'a, ya wuni a can. Wani ma'aikacinsu namiji ya riƙa zuwa yi masa wanka da aski. Piroska ta ci gaba da zuwa. Dunja ta ce idan bai zauna a cibiyar ba fa? Jasna ta ce to sai a sake zama. Dunja ta ce za ta riƙe gadon har ta ga yadda makon farko zai kasance.

Sannan Jasna ta kalle ni. "Saura naki. Idan wani abu ya sake faruwa, ko ƙarami ne, ni za ki fara gaya wa. Ba faɗuwa."

Na kalli agwagin bango. Na ce to.

A hanya Dunja ta riƙe mini hannu, mai lafiyar. Rabon da ta yi haka tun tana firamare.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da yamma

Ma'aikacin ya zo ya yi masa aski. Kalman ya bar shi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon wani yana yin aikina, kuma ya fi ni iyawa.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan la'asar

A taro na ce, "Nawa ya ture ni na bugu da bahon wanka." Milutin ya miƙo mini sukari. Aka wuce kan na gaba.

Litinin, 24 ga Nuwamba, da magariba

Ranarsa ta farko a cibiyar.

Motar ta zo da safe, ya shiga ba gardama don direban ya bar shi ya zauna a gaba. Na koma cikin gida na rasa abin yi. Na share inda na riga na share. Na kwanta da niyyar minti kaɗan, sai ƙarar waya ce ta tashe ni, rana har ta karkata.

Jasna ce. "Inna Vida, ki zo in ba damuwa. Ya wuni lafiya, amma yanzu yana bakin ƙofa ya ƙi barinta."

Na hau kekena. Duk hanya abu ɗaya nake tunani, cewa Dunja za ta kira da yamma ta tambaya, kuma na yi alkawarin daina ƙarya.

Na tarar da shi da kwat ɗinsa a jiki, maɓallan a karkace, yana jijjiga hannun ƙofar. Ba ihu yake yi ba. Roƙo yake yi. Sauran tsofaffin na kallonsa daga kujerunsu. An riga an kira Piroska, tana tsaye kusa da shi, ko jan bakin ba ta tsaya shafawa ba. Ya kalle ni ya kau da kai, ni ma wata ce cikin masu tare masa hanya.

"Me yake cewa?"

Piroska ta ce, "Wai matarsa na gidan uwarsa, ya bar ta ita kaɗai. Wai 'yar Sabiya ce, ba ta jin yarensu. Za su yi ta magana a kanta tana zaune kamar kurma. Dole ya je."

Sai na tuna.

Shekarar farko ta aurenmu duk Lahadi a gidan uwarsa muke cin abincin rana. Dogon tebur, 'yan'uwa da surukai, kowa na magana lokaci ɗaya. Kalman yakan zauna a hagu da ni, bakinsa a kunnena, yana juya mini duk abin da aka ce. Wata rana uwarsa ta kalli miyar da na kawo ta yi wata magana, kowa ya sunkuyar da kai, shi kuma ya raɗa mini, "Ta ce gishirin ya yi daidai." Ina ganin fuskar matar, na san ba haka ta ce ba. Ban taɓa nuna masa na sani ba.

Na ce wa Piroska, "Yaya ake cewa matarka tana lafiya, ta ci abinci?"

Ta faɗa mini a hankali, gaɓa gaɓa. Na matsa kusa da shi na faɗa. Na san na kwaɓa shi, don na ji wata tsohuwa a baya ta yi 'yar dariya.

Ya saki hannun ƙofar. Ya juyo ya dube ni sosai, irin duban da rabona da shi na manta. Ya maimaita kalmar ƙarshe yadda ya kamata a faɗe ta, yana nuna mini leɓensa. Na sake. Ya girgiza kai, ya sake. A karo na uku ya ɗaga kafaɗa, alamar a bar shi haka. Sannan ya tambaye ni wani abu.

Piroska ta ce, "Wai ke ma ba 'yar nan ba ce ko?"

Na ce a'a da yarensu. Wannan na iya.

Ya yi wata maganar, a tausashe, ya kama gwiwar hannuna. Piroska ta juya baya tana neman wani abu a jakarta, da ƙyar ta fassara.

"Wai kada ki damu. Ki zo ki zauna kusa da shi, zai riƙa gaya miki abin da suke cewa."

Ya kai ni teburin shayi, ya ja mini kujera, ya zauna a hagu da ni da kwat ɗinsa. Jasna ta fara raba kofuna tana tambayar wa ke son madara, da Sabiyanci, yaren da aka haife ni da shi. Kalman ya sunkuyo, ya sa bakinsa a kunnena, ya juya mini maganarta zuwa yaren Hungary. Duk wanda ya yi magana sai ya sunkuyo ya raɗa mini. Numfashinsa na warin kofi. Ban gane komai ba sai "madara" da "zafi". Na yi ta gyaɗa kai, ina ce masa na gode.

Da Dunja ta kira na gaya mata duka, har jijjiga ƙofar. Da na gama ta tambayi ko Piroska na koyar da mutane ta waya.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, da hantsi

Dunja ta ce wa mutanen gidan tsofaffin su ba wani mutum gadon. Ta ce sunansa na nan a wurinsu, ko da wata rana. Ban yi musu ba.

Motar ta tafi da shi. Da la'asar zan hau keke in je shan shayi, ya riga ya saba ajiye mini kujera.